Allon Bangon Gabas

Kowace Asabar, kafin 'yan mawaƙa su zo gwaji,
nakan ɗauki tsumma da ɗan man gyaɗa
in je bangon gabas na majami'armu
in goge allon maɗaci mai suna goma sha ɗaya.

A samansa akwai ƙarfen tsai da jirgi.
Nomau kafinta ne ya sassaƙa,
shi da bai taɓa wuce Madarumfa ba.
Da baki aka kwatanta masa, ya ce ya gane.
Abin da ya fito, hauya biyu ne a ƙota ɗaya.
Fasto ya duba, ya daɗe bai ce uffan ba,
sannan ya ce a bari:
ai manoma ne kafin ruwa ya kira su.

Na farko Istifanus Abarshi, sojan ruwa,
an kai shi Dakar gemu bai tsiro ba,
ya dawo da farar hula da tarin da bai sake shi ba.
Yakan ce wa yara teku ba ta da ƙetare,
su kwashe da dariya.
Gulbin Maraɗi suka sani,
mai cika wata uku ya tafi,
ya bar mana yashi da rijiyoyin lambu.

Sauran 'yan dako ne.
Gyaɗar da suka noma ita suka bi,
kamyo zuwa Faraku, jirgin ƙasa zuwa Kwatano,
can suka iske ta tana jiransu a buhu.
Su sunkuya, a aza musu,
su hau katako mai lilo, ruwa na haki a ƙasa.
Gyaɗa ɗaya, sau biyu ta hau wuyansu.

Na bakwai babana.
Iliya Gado.
An manta harafi guda a sunan,
Inna ba ta karatu, ba ta sani ba,
ni kuma ban faɗa mata ba har ta koma ga Ubangiji.
Ƙirgawa take daga sama da yatsa,
ta tsaya a na bakwai,
har wurin ya fi ko'ina santsi.

Igiyar ƙarfe ce ta tsinke, aka ce.
Ba mu da kabarin nunawa.
Sha'aibu Ɗan Tibiri, abokin ɗakinsa,
shi ya kawo agogo, da jika biyu a ƙullin ƙyalle,
da kwalbar ruwan teku, don mu ga abin da ya raba mu.
Ya tsaya a bakin ƙofa, ya tuɓe takalmi, bai shigo ba.
Sunansa ba ya allon, sallarsa daban,
amma shi ya wanke babana.

Inna ta ɗanɗana ruwan, ta yamutse fuska,
ta ce wa ya zuba gishiri haka babu lissafi.
Sauran ta juye a gindin bedin tsakar gida.
Muka ce zai mutu.
Yana nan, jikokina na hawa.

Can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe,
akwai layin da Zumuntar Mata ta ƙara daga baya,
dala dala suka tara, damina biyu:
Rifkatu, Lai'atu, Tabita Kaka, Hannatu ta Mokoyo,
da wasu biyar da gara ta fara lasa.
Dattawa sun ce su ba su je teku ba.
Tabita ta ce ai kalmar ɗaya ce:
mazan dakon buhu, matan dakon maza,
a faɗa mata wanne ya fi nauyi.
Ba wanda ya amsa. Aka kira Nomau.

Yau ma na goge, na ja baya, na zauna a benci.
Ƙamshin mai ya kira tururuwa.
Ga su a jere daga tsagar bango,
sun hau ta kan hauyar Nomau,
sun ratsa Istifanus, sun gangaro kan babana,
kowace da ɗan kayanta a ka.
Na ɗaga tsumma.
Na mayar da shi cinya.